Ranar da Muka Kori Tsohon Mai Awo

Makon jiya na shiga Sabon Gari neman inda za a buga mana takardun jarrabawar makarantar da nake koyarwa. Ina sa ƙafa a shagon, warin tawada gauraye da kananzir ya daki hancina, sai da na dafa bango. Mai shagon ya ɗauka hawan jini ne, ya yi maza ya jawo mini kujera. Ba hawan jini ba ne. Warin rigar kakana ne na ranar Alhamis. Shekara arba'in da ɗoriya rabona da shi, amma hanci bai san mantuwa ba. Tunda abin ya taso, bari in ba ka labarin, ko na samu ya ɗan sauka daga ƙirjina.

Kakana uban babana ne, Baba Tsoho muke ce masa. Leburan reluwe ne tun yana saurayi, shi ke bin ƙafafun jirgi yana zuba musu giris, har gwiwa ta gaza aka sallame shi. Gidanmu na Fagge, ta wajen da ake jin kukan jirgi in ya taso daga tasha. Bai yi boko da ƙuruciya ba, sai a ajin yaƙi da jahilci ya koya, gemu ya riga ya fara fari, shi ya sa rubutunsa manya-manya ne, kowane harafi ya kama gabansa. Mutum ne mai kafiyar tsiya. Zamanin siyasar farko an ɗaure shi, an yi masa bulala a bainar jama'a don ya ƙi tuɓe takalmi ga wani mai sarauta, kuma har ya mutu bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Amma ni a wurina ba mai tsanani ba ne. Ni ce "matarsa", kamar yadda kakanni ke yi da jikoki. Kullum cikin ƙorafi yake wai ban iya tuwo ba, wai zai mayar da ni gidanmu ya karɓi sadakinsa. Ni kuma in ce wa zai zauna da tsoho mai haƙori huɗu in ba ni ba.

Abokinsa Bayarabe ne Musulmi, iyayensa sun zauna a Sabon Gari tun kafin a haifi babana, Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi. Yana da ɗan injin ɗab'i, muna ce masa Baba Mai Inji. Ta hanyar ƙungiyar ƙwadago ake aiko masa da mujallu da littattafai daga ƙasar Rasha, kyauta, masu takarda mai sheƙi da hotunan mata a kan motar noma suna dariya. Inna, wato mahaifiyata, da su take yi wa littattafan makarantata bango. Kowace Alhamis Baba Tsoho zai ɗauki sandarsa ya taka har can. Abokin ya buɗe littafi da Turanci yana juya masa da Hausa a baki, inji na ƙara a bayansu.

A nan ya ji yadda leburori da manoma da sojojin da suka gaji da yaƙi da yunwa suka haɗa kai a Rasha, suka tumɓuke sarkinsu, suka ce daga yau gona da masana'anta na kowa da kowa ne. A nan kuma ya ji labaran da marubutan can suka ƙaga a kan abin, na maƙera da masaƙa da suka zama shugabanni. In ya dawo sai ya zauna a zaure ya juye mana su, idonsa na ƙyalli kamar shi ya je. 'Yan unguwa suka sa masa suna ɗan gurguzu. Liman ya taɓa tare shi ya ce ai mutanen nan ba su yarda da Allah ba. Baba Tsoho ya ce ya sani, sun yi asarar lahira, amma sun iya rabon tuwo, mu ɗauki rabon tuwon mu bar musu asararsu.

Wata Alhamis cikin bazara ya dawo fuska a murtuke, ko tsokanata bai yi ba. Ashe abokin nasa ne ya fito da wani littafi daban, marar bango, wanda ba daga cikin na kyautar ba. Shi ma ƙagaggen labari ne, amma wanda ya rubuta shi cewa ya yi waɗanda suka kori sarkin Rasha ba su daɗe ba suka zama sarakunan da suka fi shi mugunta, suka riƙa ɗaure abokan gwagwarmayarsu ɗaya bayan ɗaya. Suka yi musu har muryoyinsu suka danne ƙarar injin. Baba Mai Inji ya ce mutum mutum ne, ko a Rasha ko a Fagge, in ya ga maiƙo sai ya lasa. Baba Tsoho ya ce ƙarya ne, 'yan barandan attajirai ne suka rubuta, talaka ba ya cin amanar talaka in dai an bar shi ya yanke wa kansa hukunci. Daga ƙarshe ya ce zai rubuta nasa labarin, a gani. Kuma don kada a ce son ransa ya bi, ba shi zai yanke abin da zai faru a ciki ba, jama'a ne.

Haka zaman Juma'a ya samo asali. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi biyu a zaurenmu. Akwai tela, da mai gyaran keke, da 'yan dakon kasuwar Singa uku waɗanda har yanzu ina jin warin zufa da sabulu da buhun sukari a jikinsu, da mai ga-ruwa, da wata dattijuwa mai fura, da wasu 'yan kaɗan, da babana, wanda a lokacin malamin firamare ne mai keke ɗaya da riga biyu. Baba Tsoho ya karanta babin da ya rubuta a littafin 'yan makaranta. In ya zo mararraba sai ya rufe, ya ce to jama'a, hanya ta rabu biyu. A tafka muhawara, sannan a ɗaga hannu. Abin da ya fi rinjaye shi zai rubuta a mako mai zuwa, ko yana so ko ba ya so. Shi kansa ba ya ɗaga hannu, wai mai riƙe da alƙalami ba shi da ƙuri'a. Mu goma sha uku ne masu ƙuri'a, har da ni, ina shekara sha ɗaya. Inna ta yi ta mita cewa 'ya mace ba ta zama cikin maza a zaure. Ya ce duk wanda ya ji labari da kunnensa yana da haƙƙi a cikinsa, kuma ai matarsa ce, ba mai raba shi da ita.

Labarin na wani gari ne da 'yan dako suka gaji da ɗaukar hatsin da ba sa ci. Suka haɗa kai da manoma da masu jima, suka kori attajirin da ya mallaki babban siton garin, suka ce hatsin na kowa ne. Suka naɗa kwamiti, wani saurayi mai baki ya zama shugaba. Sannan suka damƙa mudu a hannun wani tsoho mai awo, wanda dokarsa ɗaya ce: in ya cika mudu sai ya sa tafin hannu ya shafe bakinsa, ba ƙari ba ragi, ko waye kai. Kowa a zauren ya san wanda Baba Tsoho ke nufi da wannan tsoho, har tarinsu iri ɗaya ne. Amma ba wanda ya taɓa faɗa.

Wayyo, waɗannan Juma'o'i! Ranar da aka zo kan ko a kashe attajirin ko a bar shi, 'yan dako suka ce a rataye shi a ƙofar siton. Mai fura ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta ce a ba shi gammo ya yi dako shekara guda, wannan ya fi mutuwa. Ita ta ci, aka yi ta dariya har mai ga-ruwa ya ƙware. A daminar nan ne soja suka ce za su koma bariki, aka shiga zaɓe. Karon farko ke nan da mata a wajenmu suka fita zaɓen ƙasa. Na tuna Inna ta dawo jiƙe sharkaf, mayafi ya manne mata a kafaɗa, tana ta nuna mana babban yatsanta kamar ta yi sabon lalle. Jam'iyyar talakawa da Baba Tsoho ya sha bulala dominta tun tana da wani suna, ita ta ci jiharmu. Ranar da rediyo ya faɗa, na ga hawaye na bin gemunsa. Ya tashi ya tafi Sabon Gari ba ranar Alhamis ba, don kawai ya tsaya a ƙofar shagon abokinsa ya ce masa, ka gani ko?

Kafin kaka ta wuce aka kira babana. Ya yi wa jam'iyya wahala, gaskiya ne, ƙauyen da bai shiga da kekensa ba kaɗan ne. Aka sa shi cikin wani kwamiti mai rabon rumfunan kasuwa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ubana ne kuma ya rasu: da farko yana dawowa da ƙafa, yana ƙin karɓar ko goro. Sai aka ba shi mota ta aiki. Sai baƙi suka fara sallama tun da hantsi. Sai kaji suka fara shigowa gidanmu a ɗaure, ba mu san mai su ba. Miyarmu ta yi ja. Ni kuma aka saya mini takalmi mai igiya, aka fara sauke ni a ƙofar makaranta 'yan ajinmu na leƙe ta taga. Kada ka ji na ce ban ji daɗi ba. Na ji, har cikin ɓargona.

Zaure ma ya canza, ko da yake mutanen su ne dai. Tela ya samu kwangilar ɗinkin tutoci. Mai gyaran keke ya samu rumfa a bakin titi. Biyu daga cikin 'yan dako suna jiran tasu. In babana ya shigo sai a gyara masa wuri, abin da ba a yi da. A waje kuma jam'iyyar ta dare gida biyu, waɗanda suka sha ɗauri tare suka koma zagin juna a lasifika. Baba Tsoho bai bi kowane ɓangare ba, ya ce shi jiran zaurensa yake, a nan gaskiya za ta fito.

A cikin labarin, an zo inda 'yan kwamiti suka je wurin tsohon mai awo suka ce aikinsu ya yi yawa, ba sa barci saboda jama'a, don haka in ya zo kansu ya bar mudun ya yi tozo, kada ya shafe. Tozon mudu kawai, abin da bai wuce cikin tafi biyu ba. Tsoho ya ƙi. Suka lallashe shi, ya ƙi. Shugaba ya ce to gari ba zai ɗauke su su biyu ba. A nan Baba Tsoho ya rufe littafin. Wata Juma'a ce ta ƙarshen bazara, hadari ya haɗu ya ƙi zuba, zafi kamar a cikin tukunya, kowa na fifita da abin da ya samu. Ya ce hanya ta rabu biyu: ko a sauke shugaba tsoho ya ci gaba da awonsa, ko a kori tsoho daga garin.

Na zaci dariya za a yi a wuce wurin, don a bara ko tambaya ba za a tsaya yi ba. Sai na ji tela ya yi gyaran murya ya ce ai shi shugabanci wahala ne, kuma wanda ya riƙe wa mutane tukunya ba a hana shi lasar ludayi. Mai fura ta ce daga lasa ake kai wa ga kwashewa, ita da ta shekara talatin tana dama wa mutane ta sani. Babana ne ya yi magana a ƙarshe, a hankali, kansa a ƙasa, don a gaban ubansa yake. Ya ce gwagwarmaya daban, mulki daban. Ya ce tsohon nan mutumin kirki ne, amma akwai kirkin da ke hana gari tafiya, kuma ba za a rushe abin da aka sha wuya aka gina ba saboda tafi biyu na dawa. Bai ɗaga ido ya dubi Baba Tsoho ba ko sau ɗaya.

Aka ɗaga hannu. Shida suka ce a sauke shugaba: mai fura, da mai ga-ruwa, da ɗan dako ɗaya, da wasu uku. Shida suka ce a kori tsoho, babana a cikinsu. Ni na tsaya kallon mutane, ban ɗaga a ko ɗaya ba. Sai kowa ya juyo gare ni.

Baba Tsoho ya ce, "Saura ke. Kada ki dube ni, kada ki dubi ubanki. Ki dubi abin da ke ranki."

Ga abin da ke raina, zan faɗa maka ba ƙari. Na ga ƙeyar babana tana zufa. Na ce a zuciyata tsohon cikin littafi takarda ne, ba ya jin ciwo, amma babana mutum ne, in aka kayar da shi a gaban waɗannan da kunya zai kwana. Na tuna motar ma, ba zan ɓoye ba. Amma babban abin da ya ruɗe ni shi ne wannan: a gidanmu, da duk gidan da na sani, in yara suka yanke abin da bai dace ba, babba kan ce na hana, magana ta ƙare. Na tabbata Baba Tsoho zai yi dariya ya ce matar nan tawa ba ta da hankali, ya rubuta abin da yake so. Na ɗauka ina da dama in faranta wa ubana rai kyauta, kakana ya gyara ɓarnar. Sai na ɗaga hannu, na ce a kori tsoho.

Bai yi dariya ba. Ya ƙirga hannayen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har da nawa, kamar yadda ya saba. Ya ce bakwai da shida. Ya sa littafin a aljihu, ya ce Allah ya kai mu Juma'a. Mai fura ta ɗauki ƙwaryarta ta fita ba sallama.

Duk makon nan ina jira ya kira ni ya tsokane ni. Bai yi ba. In na kai masa tuwo sai ya ce an gode, Allah ya yi albarka, yadda ake ce wa 'yar maƙwabta. Da rana ina ganinsa a gindin dogonyaron ƙofar gida, littafi a kan gwiwa, yana rubutu yana gogewa. Alhamis ta zo bai je Sabon Gari ba.

Juma'ar da ta biyo ya karanta babin. Da a ce ya rubuta shi da fushi, ya mai da 'yan kwamiti azzalumai, da da sauƙi. Ina! Adalci ya yi musu. Ya ba shugaba kalamai masu daɗi, ya nuna yadda mutanen garin suka gaji da taurin kan tsohon, yadda har yara ke kwaikwayon tarinsa. Ya nuna tsohon ya wanke mudun, ya kife shi a ƙofar sito, ya fita ta ƙofar gari da rana tsaka, ba wanda ya jefe shi, ba kuma wanda ya raka shi. Kowa na harkar gabansa. Da ya gama, tela ya ce kai, Baba, ba ka taɓa rubuta babi mai kyan wannan ba. Wani ya tambaya ina mararrabar mako mai zuwa. Baba Tsoho ya ce babu, labari ya ƙare.

Bayan kwana uku ya ɗaure kayansa a buhu ɗaya. Babana ya durƙusa a tsakar gida yana ba shi haƙuri, yana cewa labari ne fa, Baba, tatsuniya ce, me mutane za su ce in suka ji ubana ya bar gidansa. Inna na kuka a bakin murhu. Baba Tsoho ya ce ba fushi yake ba, kuma ba ya zargin kowa, amma ba zai iya ci gaba da cin miyar gidan ba, kuma ba shi da ƙarfin hana a dafa ta. Babana ya ce to a kai shi a mota. Ya ce ƙafarsa ta san hanya. Ya koma wani ɗan ɗaki a bayan shagon Baba Mai Inji, yana taya shi ninke takardu. Na ji daga baya cewa abokin nan, duk da shi ya ci musun, bai taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Shimfiɗa kawai ya yi masa.

Sai da damina ta yi nisa na samu ƙarfin zuciyar zuwa. Na tashi daga makaranta na ƙi jiran mota, na ratsa ta Singa cikin taɓo da turereniyar 'yan dako, takalmin nan mai igiya ya koma kamar na manomi. Na same shi zaune a kan benci, ya rame, gemun ya ƙara tsawo. Ya ce sannu da zuwa, ya sa aka sayo mini gyaɗa. Na kasa ci. Na fashe da kuka na ce masa na janye hannuna, ban san da gaske ba ne, na zaci zai hana. Na ce ya mayar da shi bakwai da shida ta ɗaya wajen, ya sake rubutawa, ba wanda zai sani sai ni da shi.

Ya bar ni na yi kukana har na gaji. Sannan ya ce, "Na so in hana. Wallahi ranar nan sai da maganar ta zo bakina. Amma in na hana, me ya raba ni da wanda ya sa aka yi mini bulala?"

Na ce to ya yi mini alfarma, ni kaɗai, ai ni jikarsa ce.

Ya ce, "In na bar ki kika janye don ke jikata ce, na bar miki mudu da tozo ke nan. To a kan me aka kore ni?"

Aka kore ni, ya ce. Ba aka kore shi ba. Shi ne karo na farko da na ƙarshe da ya faɗa da bakinsa. Na roƙe shi ya yafe mini, ya ce babu abin yafewa, ƙuri'a ba zunubi ba ce, tambayata aka yi na amsa. Ka san wannan ya fi zafi? Da ya zage ni, da ya ɗaga sandar nan ya maka mini, da yanzu na warke. Ya rako ni har bakin titi yana ɗingishi, ya tare mini ɗan tasi. Har motar ta tashi ina jira ya ce in gaida kishiyoyina ko in koyi tuwo, irin maganarmu ta da. Cewa ya yi in yi karatu da kyau.

Bai sake rubuta ko harafi ba. Ya rasu a ɗakin nan kafin soja su dawo, kuma na gode wa Allah da bai ga dawowarsu ba, bai ga yadda aka yi ta murna a titi ba, har da waɗanda suka ɗaga hannu a zaurenmu ta kowane ɓangare. Babana ya yi wata tara a tsare, ya fito ba mota ba rumfa, ya koma aji da allinsa, bai kuma ambaton siyasa ba har ya koma ga Allah. Daga baya ita kanta ƙasar da ake aiko da mujallun ta wargaje, muka ji a rediyo. Baba Mai Inji ya tsufa, 'ya'yansa suka kwashe mujallun suka ba masu ƙosai. Littattafan Baba Tsoho na neme su ban samu ba. Wataƙila a cikinsu suka tafi.

Yanzu gidanmu na Fagge shaguna ne, zauren ana sayar da kayan waya a ciki. An sake komawa mulkin farar hula, an yi zaɓe ya fi a ƙirga. Ba na jin kowa na musu a kan ko talaka zai ci amanar talaka, kamar yadda ba a musu a kan ko rana za ta faɗi. In lokaci ya zo a shigo unguwa da taliya da sabulu, mata su yi layi. Ba na zagin kowa, da wane bakin? Ni ma na zauna a kwamitoci, na san sau nawa na ga tozo na kawar da kai.

Ina da jika mace, bana take shekara sha ɗaya, mai wayo kamar me. Kwanan baya aka ɗauke wuta da yamma, wayarta ta mutu, ta zo ta kwanta a cinyata ta ce in ba ta labari. Sai na ba ta na garin 'yan dako, tun daga korar attajiri har zuwa rigimar mudu. Da na zo mararraba ban tsaya ba, ban tambaye ta ba. Na ce sai mutanen gari suka taru suka sauke shugaba, tsoho ya ci gaba da awonsa har ya mutu cikin mutunci, aka yi masa jana'izar da ba a taɓa gani ba. Shekara arba'in ke nan ina son in faɗi wannan ƙarshen a gaban wani.

Ta ɗan yi wasa da bakin zanina. Sannan ta ce, ba da raini ba, ba da fushi ba, kamar mai gyara wa ƙaramin yaro lissafi, "Hajiya, wannan ƙarshen ke kika ƙara. Ai korar sa za su yi."

Ba wanda ya gaya mata. Sai na ce ta ɗaga mini ƙafa, magariba ta kusa.